Baƙar Waya da Mai Ruwan Toka

Kun taso kuna jin cewa kakanku ya bar tuƙi ne saboda motarsa ta gaji. Haka yake gaya wa mutane har ya koma ga Allah, haka Inna take maimaitawa, ni ma ban taɓa musawa a gabanku ba. To, motar ba ta gaji ba. Ranar da ya ajiye ta, ta fi kowace rana lafiya a duk shekarun da na san ta, kuma ni ce sanadin ajiyewar. Ƙarfen nan mai baƙin kai da ke cikin gwangwanin zarena, wanda kuka taɓa tambayata ko fulogi ne, daga jikinta ya fito. Zan ba ku labarinsa yadda ya faru, domin ba na so ku girma da rabin magana.

A shekarar ina aji uku na ƙaramar sakandare, muna zaune a Damba, ni da Baba da Inna da ƙannena biyu. Baba direba ne, motar kuma tasa ce ta kansa. Yana ɗaukar fasinja daga Gusau zuwa Tsafe ya dawo, ranar kasuwa ya leƙa Mada. Doguwar mota ce, fara a da, wadda sai da ta gama tsufanta na farko a ƙasar Turawa kafin ta zo ta fara na biyu a hannunmu. Dattijuwa muke kiranta, saboda da safe sai ta yi tari sau uku kafin ta yarda ta yi magana. Tuwon da muke ci, takalman makarantarmu, maganin ƙafar Inna, duk daga ƙarƙashin bonet ɗinta suke fitowa.

Ni yarinya ce marar magana. A makaranta malami kan gama kiran suna bai lura na amsa ba. Inna takan ce rabon bakina idona aka ba. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa shi yake kirana Uwata, Inna kuwa ta ce Mai sunan Iya. Kuma gaskiyar Inna ce, ina gani. A shekarar nan na ga abubuwa game da Baba waɗanda na tara a raina ban san me zan yi da su ba. Na ga yana ɗora yatsa a bakin kofi in yana zuba shayi, ba ya tsayawa sai zafi ya taɓa shi. Na ga in baƙo ya shigo zaure ba ya kiran sunansa sai baƙon ya fara magana. Bayan asuba yakan buɗe Alƙur'ani a cinyarsa yana karatu, amma shafin ba ya juyawa. Ya kuma daina ɗaukar lodin yamma, ya ce bayansa ne ke ciwo. Kowanne na gan shi shi kaɗai, ban taɓa jera su wuri ɗaya ba.

Da damina ta kankama sai Dattijuwa ta ɓullo da sabon hali. Man da ke kai Baba Tsafe ya dawo da shi har ya yi saura, ya koma ba ya isa. Wata 'yar fitila mai ruwan ƙwai ta kunnu a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, kuma ni ce na gaya wa Baba ta kunnu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bangon zaure. Daidai inda bakin salansa ke fuskanta in an ajiye motar, sai wani baƙin tabo ya fito. Kullum da safe kafin in tafi makaranta nakan auna shi da tafin hannuna. Ranar farko tafi ɗaya ya rufe shi. Kafin mako biyu sai da na haɗa biyu. Ina ta tunanin abin da ke faruwa a cikinta: me ya sa mota za ta sha abin da ya fi ƙarfinta, sannan ta tofar da shi a bango?

Wata Alhamis Baba ya biyo ta makaranta ya ɗauke ni, muka wuce Sabon Gari wurin Malam Lamidi mai wayarin. Malam Lamidi Bayarabe ne haifaffen Gusau, Hausarsa ta fi ta wasunmu, kuma shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Yana hango motar ya ce an kawo masa kakarsa jinya. Baba ya ce ai kakar tasa ta fi shi ƙwari. Malam Lamidi ya ɗauko wata na'ura mai kamar ƙaramar rediyo, ya soka wayarta a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta abin da ta rubuta, sannan ya ce sensar salansa ce ta mutu. Ni ina tsaye a jikin ƙofa da jakar makaranta. Ban san yadda fuskata ta yi ba, amma sai ya juyo gare ni.

"'Yar boko, kin san mota tana da hanci?"

Na girgiza kai. Ya tsuguna ya nuna mini wani ƙarfe da aka ɗaura a jikin bututun salansa, kusa da inji, da wayoyi a bayansa kamar wutsiya. Ya ce wannan shi ne hancin. Aikinsa ya shaƙi hayaƙin da ke fita, ya ji ko akwai sauran iska a cikinsa. In iskar ta yi yawa, sai ya gaya wa ƙwaƙwalwar motar cewa inji na jin yunwa, a ƙara mai. In babu iskar, ya ce mai ya yi yawa, a rage. Haka yake yi sau da yawa kafin mutum ya ƙifta ido, tun daga Gusau har Tsafe. Yanzu da ya mutu, ƙwaƙwalwar ba ta jin labari daga kowa, kuma tsoron kada injin ya zauna da yunwa ya sa take ta ɗura masa. Abin da ya kasa ƙonewa shi ne ke fita baƙi. Nan take na gane tabon bangonmu, har na ji daɗi kamar na ci jarrabawa.

Ya ce hanci irin na motar sak, mai soket a jikinsa, ba a samunsa a garin. Wanda yake da shi sabo ne amma wayoyinsa huɗu a sake suke, sai an yanke tsohon an bar soket ɗinsa, an haɗa da sabon. Ya zazzage ledar a kan bonet: sensar, da wasu 'yan bututun ƙarfe huɗu da ake cusa waya a ciki a matse, da takarda mai zane. Farare biyu, in ji shi, na ɗumama hancin ne, domin ba ya jin wari sai ya yi zafi, kuma su ko an sauya su babu laifi. Baƙar ita ke kai saƙo. Mai ruwan toka ita ce hanyar dawowa. Waɗannan biyun in aka juya su, hancin zai yi ta faɗin magana a juye. Ya kuma ja wa Baba kunne kada ya sa dalma, kada ya shafa girisi, domin abin ta cikin wayarsa yake numfashi.

"Ta ina iskar ke bi?"

Sai da maganar ta fita na gane ni ce na yi ta. Baba ya juyo yana mamaki. Malam Lamidi ya yi dariya, ya ɗauko guntun waya ya feɗe robar ya nuna mini siraran zaren ƙarfen da ke ciki. Ya ce tsakaninsu akwai 'yar kafa da ido ba ya gani, ta nan iskar waje ke sulalawa har cikin hancin, domin ya samu abin da zai gwada hayaƙin da shi. In bai san warin iska mai kyau ba, ta yaya zai san marar kyau? Na riƙe guntun wayar ina kallo har na manta da kunya.

Malam Lamidi ya ce Baba ya zauna ya sha ruwa, aikin ba zai ɗauki lokaci ba. Baba ya ƙi. Ya ce shekara talatin babu wanda ya taɓa sa masa hannu a mota in ba abin da ya gagare shi ba, kuma waya huɗu ba za ta gagare shi ba. Malam Lamidi ya miƙa masa takardar. Baba ya ɗaga ta kusa da fuskarsa, ya ɗan karkata kai, ya nesanta ta, sannan ya ninke ya ba ni. Da za mu tafi sai Malam Lamidi ya zagayo ta tagata, ya zuba mini 'yan bututun ƙarfe biyu a tafin hannu, ban da huɗun da ke cikin leda.

"Riƙe waɗannan, ke mai ido," ya ce a hankali.

Na ɗaure su a bakin hijabina ba tare da na san dalili ba.

Juma'a da safe Baba ba ya fita, ranar duba mota ce. Yana da tsarinsa da ba ya sauyawa. Zai shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, filaya a dama, wuƙa a hagu, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya mayar da shi gurbinsa. Da can ina ɗauka tsabta ce kawai. A ranar na ga hannunsa yana zuwa kan abin da yake so ba tare da ya duba ba. Ranar muka fara hutun tsakiyar zango, sai ya ce in zo in riƙa miƙa masa kaya. Ya tayar da motar ta ɗan ɗumama, domin ƙarfe mai ɗumi ya fi saurin sakin abin da ya riƙe, ya kashe, ya cire kan batir. Ya ɗiga kalanzir a gindin tsohuwar sensar, ya jira, ya sa sifana. Ta yi gardama, ya yi mata magana kamar yadda yake yi wa akuyar Inna, can sai ta yi ƙara ta saki. Ya ajiye mini ita a kan buhu ya ce kada in taɓa sai ta huce. Kanta ya toshe da baƙin gari kamar gindin tukunya. Na ce a raina, ko ni aka toshe wa hanci haka ba zan ji warin komai ba.

Ya yanke wayoyin tsohuwar ya bar soket da jela mai tsawon taƙi. Launinsu iri ɗaya ne da na sabuwar, sai dai zafi da shekaru sun ci su: baƙar ta koɗe, mai ruwan tokar ta yi duhu. Duk da haka ni daga inda nake tsugune ina bambance su sarai. Ya feɗe bakin kowace da wuƙa, kuma ban taɓa ganin aiki mai kyau kamar wannan ba, ko zare ɗaya bai yanke ba, babban yatsansa kaɗai ke gaya masa inda wuƙa za ta tsaya. Ya haɗa farare biyu ya matse. Sannan ya ɗauki sauran biyun na tsohon soket ya ɗaga su sama wajen haske. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Rana ta faɗa cikin idonsa, kuma domin ina kusa da shi fiye da yadda na taɓa zama, sai na ga tsakiyar baƙin idon ya yi fari-fari, kamar an ɗiga madara a baƙin shayi ba a juya ba.

Ya ɗauki baƙar sabuwar ya cusa ta bututu ɗaya da mai ruwan tokar tsohuwar.

Na buɗe baki. Amma ban taɓa ce wa Baba ba haka ba ne a rayuwata, ban ma taɓa jin wani ya ce masa ba. Kuma kofin shayi da shafin Alƙur'ani da lodin yamma duk sun taso sun tsaya a gabana lokaci ɗaya, na gane in na ce waya, ba waya kaɗai na ce ba. Filaya ta matse. Ya haɗa sauran biyun, ya ɗaura sensar a gurbinta, ya soka soket, ya mayar da kan batir. Motar ta tashi, fitilar ba ta kunnu ba. Baba ya buga bonet da tafi ya ce in je in gaya wa Inna Dattijuwa ta warke, bayan Juma'a za mu Bungudu gaishe da Gwaggo Asabe, yayarsa, da ba ta jin daɗi.

Ban gaya wa kowa ba, amma har da son sani a cikin shirun da na yi a hanya. Ina so in ga yadda magana a juye take. Ba mu fita gari sosai ba fitilar ta dawo. Na faɗa masa. Motar ta fara fizga, warin ɗanyen mai ya cika ciki har Inna ta rufe hanci da gyale, a madubin gefe kuma ina ganin hayaƙin ya fi na jiya. Baba ya ce Lamidi ya sayar masa da jabu. Ya ce shekara ashirin suna tare ashe haka zai yi masa, gobe da safe zai cire abin ya jefa masa a gaban yaransa da maƙwabtansa, kowa ya ji.

Rana tana gabanmu, ta sauko daidai gilashi. Ni ce a gaba domin Inna ta fi son baya saboda ƙafarta. Wajen wata gada kafin Bungudu garken shanu yana tsallaka titi. Baba ya gan su, ya rage gudu ya tsaya. Farare ne manya, sun wuce ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshen fararen ya sauka daga kwalta sai Baba ya sa giya ya taka mai. A tsakiyar titin akwai baƙar saniya da maraƙi mai ruwan toka, a bayansu kuma wata 'yar Fulani da sanda, sanye da baƙin zane, ba ta wuce tsawon ƙanwata Zainabu ba.

Ban yi ihu ba, ban iya ba. Hannunsa na damƙe. Ya taka birki har Inna ta bugi kujerata. Saniyar ta gogi gaban motar ta wuce, yarinyar ta kalle mu da manyan idanu ta ja maraƙinta. Inna ta ce wannan mota za ta kashe mu da fizge-fizgenta. A hanyar dawowa na riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar da kaina nake: ga mai keke, ga rami, ga akuya a hagu. Bai ce in yi shiru ba, bai kuma ce na gode ba. Duk abin da na ambata sai in ji ƙafarsa ta amsa.

Kafin magariba na sami Inna a madafi tana tankaɗe. Na daɗe a tsaye har ta ce in ba aiki zan yi ba in matsa mata daga haske. Na gaya mata duka, wayar da idon da shanun. Ba ta ɗago ba.

"Kina tsammani ke kaɗai Allah Ya ba ido? Tun azumin bara na sani."

Na tambaye ta me ya sa ba ta ce komai ba. Ta ce in ya ajiye mota me za mu ci, ni da ƙannena? Ta ce mutumin da ya yi shekara talatin a kan hanya ɗaya ko ido rufe zai bi ta, kuma yana fita da safe ne ya dawo kafin rana ta juya, Allah na tsarewa. Ta ce in kama bakina yadda na saba, yau ba ranar fara magana ba ce.

"Inna, hanyar ya sani," na ce. "Bai san wanda zai tsallaka ba."

Ta ajiye rariyar ta dube ni, duban da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ba fushi ba ne kaɗai, har da tsoro. Ta ce in fita.

Asabar da safe na tarar Baba ya riga ya kwance sensar, tana kan buhu da wayoyinta, shi kuma ya sa kaftaninsa na zuwa ɗaurin aure, wanda yake sawa in zai yi magana mai nauyi. Yana goge hannu. Na kwance bakin hijabina, na tsaya a gabansa na buɗe tafina. 

"Baba, ba jabu ba ne."

"Mi kinka ce, Uwata?"

"Wayoyin ne. Baƙar tana kan mai ruwan toka."

Wani mai kunu ya wuce yana talla, muka ji shi har ya sha kwana. Sannan Baba ya tsuguna da kaftanin nasa a kan buhu, ya laluba ya ɗauki wayoyin biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya tambaye ni ko tun jiya na gani. Na ce e. Ya ce kuma na yi shiru. Na ce na ji nauyi ne. Ya ɗaga ta hannun damansa.

"Wagga fa?"

"Baƙa ce."

"Ni duk ɗaya nike ganinsu," ya ce.

Ya faɗe ta ne kamar yana gaya mini farashin gero. Ya ɗauki wuƙa ya yanke haɗin biyu, ya sake feɗe bakunan da yatsansa, sannan ya miƙo mini. Na cusa baƙa da baƙa a bututun farko na Malam Lamidi. Ya ba ni filaya, na matsa da duk ƙarfina bututun bai lotsa ba, sai ya ɗora hannunsa a kan nawa muka matse tare. Haka muka yi wa mai ruwan toka. Ya ce in ja kowace in ji ko za ta zame. Ba ta zame ba. Ya hana ni taɓa kan sensar da yatsa, ya ɗaura ta da hannu har ta zauna kafin ya sa sifana, ya kuma ɗaure wayar nesa da bututun don kada zafi ya cinye ta.

Ya tayar da motar ya bar ta a tsaye. Ya ce in yago farar takarda daga littafina in riƙe a bakin salansa. Ta farko ta yi baƙi, ya ce wannan tsohon datti ne, in jira hancin ya yi zafi. Ina tsugune ina saurare, sai na ji muryar injin tana sauyawa. Tana ta rawa tana haki, can ta lafa ta zauna, kamar yaron da ya gama kuka ya kama nono. Na sa takarda ta biyu, na sa ta uku. Ya tambaye ni abin da na gani, na ce fara ce, sai ɗan danshi. Fitilar fa? Na leƙa na ce ba ta kunnu ba. Ya shiga ya zauna a bayan sitiyari ya bar ƙofa a buɗe. Lokacin lodin Tsafe yana wucewa, bai sa giya ba. Inna ta fito ta tsaya a bakin zaure da muciya a hannu.

"Uwata, jiya wajen gada. Saniya ce ko?"

"Saniya ce da maraƙi." Na ji idon Inna a bayana. "Da yarinya."

"Da yarinya?"

"Kamar Zainabu."

Bai san da ita ba. Tun jiya yana ɗauka saniya ya kusa bugewa. Na ga hannayensa biyu sun sauka daga sitiyari sun kwanta a cinyarsa. Ya saurari injin na ɗan lokaci, kansa a karkace, yana jin yadda take tafiya sumul kamar ba ita ba. Sannan ya murɗa makulli ya zare, ya fito, ya wuce ni, ya sa shi a hannun Inna. Ta riƙe shi tare da muciyar.

Duk da haka sai da muka je Sabon Gari a ranar, a ƙafa, ina gefensa. Ya tsaya a gaban Malam Lamidi da yaransa da maƙwabtansa, waɗanda ya yi niyyar tarawa, ya ce ya zage shi a cikin motarsa jiya bisa kuskure, ya yafe masa. Malam Lamidi ya ce in dai zagin Bazamfare ne ai ya saba, ba ya kama jiki. Bai tambayi komai ba. Ni kaɗai ya duba ya ce, biyun sun isa? Na gyaɗa kai.

Ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba. Inna ta yi kwana tara ba ta yi mini magana ba sai ta aike. Nama ya ɓace daga miyarmu har bayan girbi. Ta fara suyar awara a ƙofar gida da ƙafarta mai ciwo, ni nake tashi in niƙo waken kafin makaranta, kuma sau da yawa na yi barci a aji. Baba ya zauna a zaure ya tsufa a cikin wata uku fiye da yadda ya tsufa a shekara goma. Akwai ranakun da na kalle shi na ce da na yi shiru. An sayar da Dattijuwa ga wani mutumin Tsafe, da kuɗinta aka yi masa aikin ido. Na dama ya washe har ya koma juya shafi da asuba. Na hagu an ce an makara. Bai sake tuƙi ba, ko da wasu suka ce ido ɗaya ya isa. Ya kafa tebur kusa da tasha yana sayar da fulogi da bel, direbobi kuma su zo su tayar masa da mota ya gaya musu ciwonta da kunne. Duk wanda ya tambaye shi dalilin barin hanya sai ya ce motar ce ta gaji. Na daɗe ina ɗauka kunyar idonsa yake ji. Sai da na girma na fara tunanin ko ni yake karewa, kada a ce 'yarsa ce ta sauke shi.

Ni da shi ba mu sake tayar da maganar ba, sai sau ɗaya, in ma za a kira ta magana. Ina ajin ƙarshe na sakandare, na kai masa abincin rana a tebur. Motoci suna ta wucewa, hayaniyar tasha ta cika wuri. Yana cikin wanke hannu sai ya tsaya, ya karkata kai. Ni ban ji komai ba. Can sai ga ta, an sake mata fenti shuɗi, an ɗora mata buhuna har sama, ta nufi hanyar Tsafe.

"Uwata, leƙa mini bayanta."

Na fita har bakin kwalta na bi ta da ido sai da ta ɓace.

"Babu hayaƙi, Baba."

"To," ya ce, ya jawo kwanon gabansa. "Haɗin bai saki ba."